Sassaƙen Gabas da Yamma

Baban Ladi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, kamar yadda aka koya mana fara wasiƙa a makaranta, ko da yake ban san abin da zan yi maka fata ba a inda kake. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko lokacin da kake da rai ma ba ka cika karanta rubutuna ba, takardar cefane kanta a mota kake barin ta ka sayo abin da ka ga dama. Amma yau Litinin, kwana uku suka rage mini, kuma akwai maganar da ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Ladi tana lafiya. Ta gama karatun nas ɗin, ta sami aiki, ta kama ɗaki kusa da Elm Street, tana zuwa mana kowace Lahadi bayan sujada. Har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take ba ni amsa, amma in kakarta ce ta yi magana sai ka ji Hausa ta fito tsaf. Ikilisiya ta ƙaru, har kujeru ba sa isa. Gonar tsohon Baturen nan da ke bayanmu an sayar da ita bara, masu gini sun shigo da manyan motoci sun share dajin duka. Itatuwan da kake cewa su ke tare mana iskar kudu babu ko ɗaya yanzu. In na tsaya a ƙofar kicin ina hango titi.

Mama, mahaifiyarka, tana nan wurina. Ka san yadda muka yi ta fama da bizarta, ba ta fito ba sai bayan mun binne ka da kwana tara. Ta sauka a filin jirgi da ƙullin yajin da ta daka maka. Tun daga ranar ta ce ba inda za ta koma, ƙasar da ta riƙe ɗanta ta riƙe ta ita ma. A ɗakin baya take kwana, ɗakin da ka yi jinya, a kan gadon nan, tagar tana kallon bishiyarka. Da hantsi kuma ta saba ɗaukar kujerarka ta roba ta kai gindin bishiyar ta zauna, har rana ta yi sanyi.

Maganar bishiyar ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna ranar da muka zo duba gidan nan na McLeansville? Ni ina ciki ina buɗe durowoyin kicin, ina duba ko rufi yana yoyo, na waiga babu kai. Na same ka a baya ka ɗora tafin hannunka a jikin wata ƙatuwar bishiya kamar mai gaida tsohon aboki. Ban ga abin kallo ba. Ba mangwaro ba, ba gwaiba ba, ko 'ya'yan da za a ci ban gani ba. Ka ce mutanen nan suna kiran ta bic, ka ce shekara goma sha tara kana kula da filayen jami'a ba ka taɓa ganin mai kyanta a gidan mutum ba. A nan na san an gama ciniki, ko da gidan ba shi da ƙofa za ka saya.

Kai ka koya mini yadda ake gane ta, ko da ban roƙe ka ba. Ɓawonta ruwan toka, sumul, babu tsaga babu kaushi duk tsufanta. Ganyen bakinsa kamar haƙoran zarto, jijiyoyinsa a miƙe, kowace jijiya ta tafi ta ƙare a haƙori ɗaya. Tohonta dogo siriri mai tsini. Da kaka ganyen ya koma ruwan tagulla, kuma na ƙananan rassa ba ya zuba, yana nan maƙale yana ƙaras-ƙaras duk tsawon sanyi, lokacin da sauran itatuwa suka yi tsirara. In muna tafiya a mota cikin Janairu sai ka rage gudu ka nuna mini su a cikin daji, kana murna kamar ka ga 'yan garinku. Ni kuwa ina ce maka ka kalli hanya.

Dokokinka a kanta sun fi na gidan soja. Ba a ajiye mota a ƙarƙashinta, don saiwoyinta a sama-sama suke, nauyi yana shaƙe su. Fasto da kansa ka sa ya sake tayar da motarsa ya matsa ranar da ya zo mana addu'ar shiga gida, ni ina tsaye kunya kamar ta kashe ni. Na so a yi daɓe a gindinta mu riƙa shimfiɗa tabarma kamar a gida, ka hana. Na ɗauki tsintsiya zan share wurin fes yadda uwata ta koya mini, ka karɓe tsintsiyar, ka ce ganyen da ya zuba shi ne bargonta kuma shi ne abincinta. Mun yi kwana biyu ba ma magana a kan shara. 'Ya'yanta kuwa, 'yan ƙwayoyin nan masu kusurwa uku cikin kwanso mai ƙaya, kai da kurege kuke tseren tsinta. Ka cusa su cikin yashi mai laima ka saka mini a firij kusa da daddawata har sanyi ya wuce. Uku ne suka tsiro. Suna nan a tukwanensu a inuwar baranda, ina ba su ruwa, shekara huɗu ke nan ba su kai gwiwata ba.

Babbar dokar ita ce ta wuƙa. Ka ce fatar bic ba ta mantuwa, abin da aka yanka a jikinta yana nan har ta mutu. Ka ce rayuwarta duk tana cikin ɗan siririn abin da ke ƙarƙashin ɓawon nan, ta nan abinci yake sauka zuwa saiwa. Na ji ka da kunnena. Ba zan ce ban sani ba.

A makonninka na ƙarshe, lokacin da numfashi ya fara yi maka wuya, ka kama hannuna ka sa na yi maka alkawari ba zan bari kowa ya sa mata zarto ba. Na yi alkawarin. Ka ga na yi kuka, ka ɗauka kukan rabuwa ne. Har da shi, amma ba shi kaɗai ba ne. Baban Ladi, lokacin da nake maka alkawarin nan na riga na kashe ta.

Ga yadda aka yi. Da likitoci suka ce ciwon huhun ya wuce inda za su iya, wata daga cikin matan zumunta, ba zan faɗi sunanta ba don da kyakkyawar zuciya ta yi, ta ja ni gefe ta ce ta ji mutanen farko na ƙasar nan da ɓawon bic suke maganin ciwon ƙirji. Ta ce ga shi Allah ya ajiye mana ɗaya a bayan ɗaki. Na dawo gida maganar tana ta juya mini a kai. Na tuna kakata da 'yar gatarinta a gindin maɗaci. Ta koya mini cewa sassaƙen magani ba a ɗibar sa haka kawai, gabas ake ɗiba da yamma, a haɗa, a jiƙa ko a dafa. Maɗacin nan duk garinmu sun sassaƙe shi, tun ina yarinya har na yi aure, kuma yana tsaye. Sai na ce wa kaina itace ai itace ne. Kai da ka san ba haka ba ne kana kwance da robar iska a hanci.

Da safe nake yi, bayan ka sha maganin asibiti barci ya ɗauke ka. Da wuƙarka ta aiki na yi, mai jan ƙotar nan. Can ƙasa nake durƙusawa, kusa da saiwa, inda ba a hangowa daga taga. Faɗin tafin hannu daga gabas, faɗin tafin hannu daga yamma. Ɓawon ba shi da kauri, yana ɗagowa ba gardama, ƙarƙashinsa fari da danshi. In na gama sai in tara busasshen ganye in rufe wurin. Ganyen da ka hana ni sharewa shi ya rufa mini asiri.

Na dafa, na tace, na dama maka kunun tsamiya da ruwan. Ka sha ka ce kunun ya yi bauri, na ce tsamiyar ce ta tsufa. A satin nan ka yi kwana biyu tari ya lafa, har ka ci tuwo. Me kake so in yi tunani? Na koma. Wanda na ɗiba ya ƙare na sake komawa. Kullum gabas da yamma, ban taɓa saɓa ƙa'idar kakata ba, sai dai kowane zuwa ina matsawa gefe kaɗan don in sami sabon wuri. Wata safiya na ɗaga ganyen na ga ramin gabas da na yamma sun haɗu ta kudu. Ta arewa saura kamar yatsa huɗu. Na tsaya da wuƙa a hannu, na ji tarinka daga ɗaki, na cire yatsa huɗun.

Ka rasu bayan sati uku. Na tambayi likita a kaikaice ko wani abin sha na gida zai iya ƙara ciwon, ya ce abin da ya ɗauke ka ya riga ya yi nisa tun kafin a gano shi. Na riƙe wannan maganar don in iya barci. Bai taimake ka ba, bai cuce ka ba, na dai yi wa bishiyarka yankan rago a banza.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta nuna komai ba. Bazarar farko ta yi ganye shar, har na durƙusa na gode wa Allah, na ce ka cika faɗa ne kawai. A shekara ta biyu ganyen ya fito ƙanana, jefi-jefi, ya yi rawaya tun Agusta, ta kuma zubar da 'ya'ya masu yawan da ban taɓa gani ba, ko'ina ƙaya. Bana rabin da ke kan rufinmu bai yi ganye ba sam. Ɓawon ya fara tsagewa yana ɓallowa falle-falle. Wani naman kaza mai tauri ya fito a jikinta, hawa-hawa, daidai saman inda na yanka. Tsuntsun nan mai jan kai da ke saran itace kullum yana kanta. Kai ka taɓa gaya mini ba ya ɓata lokacinsa a kan lafiyayyen itace.

Sati biyu da suka wuce, da rana tsaka, babu iska ko ta kaɗa labule, wani reshe mai kaurin cinyata ya ɓalle ya faɗo. Mama ta shiga ciki shan ruwa ke nan. Na fito da gudu na tarar da kujerarka a farfashe, ƙafa ɗaya can, ɗaya can. Na zauna a ƙasa. Mama ta fito ta duba, ta koma ta ɗauko kujerar kicin ta ajiye a wurin.

Na kira mai saran itace, wani dattijo da ya ce ya san ka a wurin aiki. Ya zagaya ta sau biyu, ya buga mata guduma a wurare da yawa, ni kaina na ji ƙarar ba ta cikakken itace ba ce. Sannan ya sa takalminsa ya ture tarin ganyen. Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ɗago ya kalle ni, bai tambaye ni komai ba, na ji da ma zagina ya yi. Ya ce bic in ta mutu ba ta daɗewa a tsaye kamar wasu itatuwan, gautsi take yi, ta karye ba sallama. Ya ce nauyinta ya rinjaya wajen ɗakin baya, kuma tun da aka share dajin kudu ba abin da ke kare ta. Ya ce shi ba zai bar uwarsa ta kwana a ɗakin nan ko sau ɗaya ba.

Ka san mahaifiyarka. Na gaya mata, Ladi ta gaya mata, Fasto ya zo da matarsa suka zauna da ita. Ta saurare su duka cikin ladabi, ta sa na kawo musu ruwa, ta ce bishiyar makokin maigidanta take yi, kuma ba a sare mai makoki. Ta ce ta ji labarin alkawarin da na yi maka. Ta ce ranar da masu zarto suka zo za su same ta a zaune a gindin, su fara da ita. Ɗakin ma ta ƙi bari. Na gyara mata nawa, na kai kayanta, ta kwaso su ta mayar da kanta, tsohuwar da ko bokiti ba ta iya ɗagawa.

Shekara ashirin da bakwai ina surukarta, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba sai a ƙasar nan da gida ya matse mu. Ta yaya zan tsaya in ce mata ni na yi? Amma na ga babu wata hanya. Na yi tunanin in ta san ba makoki ba ne, wuƙa ce, za ta tsine mini ta tashi daga wurin. Na yarda da tsinuwar in dai za ta tashi.

Jiya bayan mun dawo daga sujada na same ta a can. Na durƙusa, na ture ganyen da hannuna, na nuna mata. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Ta sunkuya ta shafa wurin da yatsunta, ta bi shi a hankali iyakar inda hannunta ya kai. Ta san aikin, ita ma ta yi sassaƙe a zamaninta. Ta tambaye ni ko ka sha. Na ce ka sha. Ta tambaye ni ko ka sani. Na ce ba ka sani ba. Na jira faɗa, na jira kuka, ba ko ɗaya.

Abin da ta ce ya fi tsinuwa nauyi. Ta ce ashe bishiyar nan ta ba ɗanta fatar jikinta, ita da ta haife shi ko ruwa ba ta ba shi ba, tana can tana bin layin biza. Ta ce ba ta zauna a gefen gadonka ba, amma wannan jinyar ba za ta wuce ta ba. Sai ta tashi ta jawo kujerar ta matsar da ita har bayanta ya jingina da kututturen. Baban Ladi, na je in tashe ta ne, na ƙara dasa ta.

Tun shekaranjiya rediyo yake maganar guguwa daga teku, sun ce ragowarta za ta iso mana ranar Juma'a da ruwa mai yawa da iska daga kudu. Na sake kiran dattijon. Ya ce zai ajiye wani aikin ya zo da mutanensa da motar ƙugiya ranar Alhamis da sassafe, amma ba zai tayar da inji ba in akwai mutum a filin. Mama tana da ganin likitan ido ranar Alhamis ɗin. Na gaya wa Ladi ta zo ta ɗauke ta da wuri, in sun gama ta wuce da ita gidan Anti Saratu ta ikilisiyarmu a East Greensboro, su riƙe ta da hira da abinci har la'asar. Ladi ta tambaye ni a waya da Hausa ko na san abin da nake yi.

Zan karya alkawarinka. Na rubuta shi ƙarara don kada in yi wa kaina wayo. Kai da kanka, da kana nan, za ka bar uwarka a ƙarƙashin mataccen itace? Na san ba za ka bari ba. Amma kai da ka faɗa mata a gabanta, ka ɗauke ta cak da kujerar tana zaginka kana dariya. Ni ba ni da wannan ikon. Abin da na iya shi ne in jira mutum ya juya baya. Me zan ce mata in ta dawo ta tarar da sarari a wurin? Za ta sake shan ruwa daga hannuna? Tsohuwar da abin da ke fitar da ita daga gado kowace safiya shi ne zaman nan, in na ɗauke mata shi, wata nawa za ta yi? Ina jin tsoro, Baban Ladi. Ina tsoron Juma'a in ban sare ba, ina tsoron Alhamis in na sare.

Sau biyu ke nan zan yi wa ɗan gidanku abu a ɓoye don ina so ya rayu. Na farkon ka ga yadda ya ƙare.

Daga inda nake rubutu a teburin kicin ina hango ta. Ta ɗaura ɗankwalinta na Lahadi, hannunta ɗaya a kan saiwa. Iska ta ɗan taso tun azahar, ƙananan ƙirare suna faɗowa a kan rufi ɗaya bayan ɗaya. Sauran kwana uku, kuma ban san ko bishiyar ta san da alkawarin da na yi da masu zarto ba. Zan ajiye biro in kai mata shayi, in tsaya kusa da ita har ta shanye, don in wani abu ya ɓalle ya same mu tare.

Ka yafe mini na baya, ka yafe mini na ranar Alhamis. In kana da bakin roƙo a inda kake, ka roƙa mana ta tsaya har Alhamis.

Ka huta lafiya.

Ni ce matarka,
Rifkatu